Yadda Za Ka Ɓoye Wa 'Yarka Cewa Ƙafa Ta Gaza

Kai tsoho, matso kusa. Idan 'yarka ta fara cewa, "Baba, rufe shagon nan ka dawo wurina," ga dabaru biyar da ba sa ba da kunya. Maƙwabcina, tsohon tela, ya gwada su duka don kada a raba shi da keken ɗinkinsa.

1. Rufe yatsu. Shi tela babban yatsansa ya karkace ya hau kan ɗan'uwansa. Ka sa safa da takalmi sau-ciki ko ana zafin da ke narka kwalta. Idan ta yi magana, ka ce mutunci ne.

2. Kada ka miƙe a gabanta. Ta same ka zaune, ta bar ka zaune. In ta ce, "Baba, raka ni bakin titi," ka haɗe rai: "Ke, ni sa'anki ne?" Yaran yanzu ba abin da ke kashe musu baki kamar wannan.

3. Sanda. In ta gan ta bayan ƙofa, ka ce awon yadi kake yi da ita.

4. Keken ya yi ƙara. Ƙafa ta ƙi takawa? Juya shi da hannu, ka baza riga ta rufe gwiwa. Tela ya yi wata uku a haka.

5. Share ƙarƙashin keke! Nan tela ya yi sake. Ranar nan maɓalli ya faɗi, 'yar ta sunkuya, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Baba, yaushe ka ɗauki gizo-gizo aiki? Har ya yi saƙa a wurin takawa."

Ta cire masa safa da kanta, ta juye gwangwanin maɓallai a ƙasa.

"Kullum da safe ka tsince su da yatsun ƙafa. Wata biyu na ba ka. In ƙafar ta warware ka taka keken nan, shago naka ne. In ba haka ba, na gyara maka ɗaki a gidana."

Ni dai ba ruwana. In an kama ka, ban san ka ba. In ka faɗi, ba ni na tura ka ba. Kuma kada ka kawo mini ƙara, ta tela ta ishe ni: tun jiya kekensa ke kwaram-kwaram ta jikin bango, da ƙafa yake takawa, ya hana ni ko gyangyaɗin rana.