Ranar da Na Kafa Kwamitin Sulhu a Dubai

Matso kusa ka ji, don wannan ba maganar ɗaga murya ba ce. Ba zan taɓa mantawa da abin da kunnena ya jawo mini ba a unguwar Hor Al Anz ta Dubai, lokacin da muke haya gida ɗaya da Ramatu da mijinta Malam Isufu, mutanen Maraɗi. Ɗaki biyu, kicin ɗaya. Ni ba mai fita ba ce, ko jirgin ƙasan garin ban iya hawa ni kaɗai, saboda haka Ramatu ce duk dangina a ƙasar nan. Tare muke girki, tare muke kewar gida.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci, Ramatu ta tafi Al Rigga sayayya, ina kicin ina haɗa wa maigidana da Malam Isufu shayi. Boko dai aji huɗu na tsaya, amma kunne Allah ya ba ni. Sai na ji Malam Isufu yana cewa, "Wallahi ba za ta yarda ba, ta hau kujerar na ƙi. Shekara nawa ana zancen kwamitin sulhun nan? Ga ƙawarta, kullum suna tare, amma ta ƙi mara mata baya."

Maigidana ya ce, "Kowa kansa ya sani, Malam."

Cokali ya faɗi daga hannuna. Kwamitin sulhu! Ashe auren Ramatu rawa yake ban sani ba? Kuma ƙawar da kullum suke tare, wace ce in ba ni ba? (Da na tambayi maigidana a ranar da an wuce wurin, amma ina jin haushin "kowa kansa ya sani" ɗinsa.) Na ce sai na nuna musu ni ƙawar arziki ce.

Washegari na kira Hajiya Balaraba, dattijuwar da duk matan Hausawan unguwa ke jin maganarta, na zayyana mata. Ban tsaya nan ba, na nemo lambar yayar Ramatu a Maraɗi na ce su taya mu da addu'a.

Bayan kwana uku aka yi wani suna a unguwar Abu Hail. Ana cikin cin shinkafa Hajiya ta sa aka shigo da Malam Isufu da maigidana ƙuryar ɗaki, ta zaunar da Ramatu, ga ni a gefe na gyara mayafi kamar alƙaliya. Mata kuwa sun cika bakin ƙofa.

Hajiya ta ce, "'Yata, aure haƙuri ne. Ki sauko daga kujerar nan."

Ramatu ta dubi kujerar robar da take kai. "Wace kujera, Hajiya?"

Nan na karɓe zancen. Na maimaita maganar Malam Isufu kalma da kalma, har da yadda yake jan wallahinsa. Ya kalle ni ya ce, "Madam, mi kika ji? Ai ƙasashe ne!"

Ashe labaran rediyo suke tattaunawa. Wai akwai wani kwamitin manyan ƙasashen duniya mai kula da yaƙi da zaman lafiya, ana so a gyara shi a ƙara kujeru. Wata ƙasa na neman shiga, ƙawarta ta ƙi goyon bayanta, wata babba kuma ta ce ba za a taɓa komai ba. To ni ina na san ana ce wa ƙasa "ta", har ta yi ƙawa?

Matan bakin ƙofa suka kwashe da dariya, har wata ta ƙware. Maigidana ya sunkuyar da kai yana karanta zanen kafet. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na gode mata.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Ramatu ta ce, "Shi ya sa Inna ta kira ni jiya tana kuka. Maman Sadiƙu, kwana uku muna yanka albasa a faranti ɗaya, kin kira Maraɗi, amma ba ki juyo kin tambaye ni ba?"

Na ba ta haƙuri, ta ce khalas, ya wuce. Amma daga ranar in na shiga kicin sai ta rage murya a waya. Da hayarsu ta ƙare suka koma garin Sharjah. Muna gaisawa da sallah, gaisuwar mutunci, irin wadda ake yi wa surukai.

Na dai koyi cewa jin magana daban, gane ta daban, kuma mai gyaran da ba a kira shi ba ya fi mai ɓarna ta'adi. Yau wata na bakwai ke nan ina rubuta mata saƙo ina gogewa. Kai da ka ji komai, in kai ne, da wace kalma za ka fara?