Ranar da Na Naɗa wa Baffa Rawani

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na zama waliyyin Baffana ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta. Bayan ruwan madatsar Tiga ya tashe mu mun dawo gefen Bebeji, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Ba shi da ɗa namiji, sai alƙali ya danƙa mini shi da gonarsa da 'yan awakinsa uku. Lokacin ina malamin makaranta (aji biyu nake koyarwa, amma tafiyata ta hedimasta ce).

Da kaka ta yi, mai unguwa ya ce sunan Baffa na nan a littafin haraji, kuma ba a soke sunan mutum sai malamin haraji ya gani da idonsa cewa ba ya iya neman na kansa. In ba a soke ba, daga dukiyarsa zan biya, wato awakin da matarsa Inna Lami take tatsa tana dama masa kunu.

Aikina ɗaya ne: in bari a ga Baffa yadda yake. To amma mu ba mu saba baƙo ya tarar da babba a yashe ba. Tun da sassafe na yi masa wanka, na aro babbar riga wurin liman, na naɗa masa rawani, na jingina shi da bangon zaure, na tokare shi da matashi na rufe da hannun riga. Har carbi na saƙala masa a hannun mai lafiyar. Inna Lami ta leƙo ta ce, "Malam, ɗaurin aure za ku?" Na yi kamar ban ji ba.

Malamin haraji ya zo tare da mai unguwa da dattawa huɗu. Ya durƙusa ya gai da Baffa, Baffa ya gyaɗa kai kamar wani attajirin goro. Sannan malamin harajin ya juyo gare ni.

"Yaya jikin nasa?"

Bakina ya riga hankalina. "Alhamdu lillahi, da sauƙi sosai. Ai ya kusa komawa gona."

Ya ce madalla, ya rufe littafi. Mai unguwa ya yi mini wani kallo, sai a nan na farga. Na zabura na fizge matashin. Baffa ya sulale gefe, rawani ya warware.

"Ranka ya daɗe, duba! Ko ludayi ba ya iya riƙewa. Ni nake wanke masa jiki in ya ɓata shimfiɗa!"

Na manta bakin Baffa ne ya mutu, kunnensa ras yake. Ya dube ni daga inda yake kwance, hawaye na gangarowa cikin gemunsa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Malamin da kansa ya gyara masa zama, ya buɗe littafi ya soke sunan. A bakin ƙofa ya ce mini a hankali, "Malam, da a waje ka gaya mini, ai da ya isa."

Awaki sun tsira. Baffa kuwa ya fi wata biyu ba ya karɓar kunu daga hannuna, in na shigo sai ya juya fuska bango. Na gaji da ba shi haƙuri, har yau kuma ban gama ba wa kaina haƙurin ba. Abin da na koya dai shi ne, mai rufa asiri inda ba a nema ba, shi ne yake tona shi da hannunsa a gaban jama'a.