Ranar da Aka Zo Auna Dariyarmu

Jama'a, ranar Lahadin da ta wuce an kama ni ina kuka a bainar jama'a. Ni Ermete, magini, shekara hamsin da bakwai, wanda dutse ya taɓa murƙushe wa yatsa bai ce wayyo ba. Kuma manyanmu ne suka ja mini, Allah ya ƙara wa kujerunsu laushi.

Sinima ɗaya tal gare mu a garin nan. Duk Lahadi ƙarfe huɗu Osvaldo mai sinimar ke kunna mana finafinanmu na gida, waɗanda babu harbi babu tseren mota. Uba da ɗa su zauna a tebur, taliya ta dahu a gaban idonka, ba wanda ya ce uffan. Ni a aji huɗu na bar makaranta, amma na san abin da ɗan nan ya kasa faɗa wa ubansa, don ni ma ban faɗa wa nawa ba.

To, sai shugaban garinmu, Mai Girma Sarkin Almakashi, gwanin yanke ƙyallen buɗe aikin da ba a gama ba, ya hango cewa wurin ya dace da ajiye motoci. Da yake adali ne, bai ce a rushe kai tsaye ba. Ya ɗauko mana Babban Masanin Nishaɗi daga birni, da wata na'ura mai allura da ke auna dariya da tafi. In allura ta haura jan layi, sinima ta tsira. In ba ta haura ba, katafila.

Muka roƙi Osvaldo ya sa na barkwanci ranar. Ya ce, "Shekara talatin ban sauya fim don bishop na coci ba, sai don allura?"

Maƙwabcina Gaspare mahauci ya tara mu a gaban shagonsa. "Ku saurara, 'yan uwa. In na yi tari sau biyu, kowa ya ƙyalƙyale."

Donna Clelia, tsohuwa mai kujerar gaba, ta ce, "Kai Gaspare, ko a jana'izar mijina ba wanda ya tsara mini lokacin kuka, sai kai za ka tsara mini dariya?"

Gaspare ya ce, "Baba, motoci kike so a kujerarki?"

Matata Iolanda ta zungure ni: "Kai ma fara gwaji tun yanzu. Rabonka da dariya tun ranar da ƙanena ya faɗo daga itacen zaitun."

Lahadi ta zo, ɗaki ya cika, Masani ya kafa na'urarsa. Fim ɗin na wani tsoho ne da matarsa da ta daina gane shi. Kullum ya je inda take jinya, ya zauna, ya ɓare mata lemo. Yana ɓarewa a hankali, ɓawon bai tsinke ba, mu kuma ko 'ya'yan kabewar da muka sayo ba mai ɓasawa. Ta dube shi kamar baƙo, ta karɓa. Can sai ta raba lemon biyu, ta tura masa babban rabon, yadda ta saba tun suna amarci.

Gaspare ya yi tari. Ya sake. Ya yi na uku, na huɗu. Na waiwaya in zage shi, sai na ga ashe ba alama yake bayarwa ba, ƙaton nan kuka ne ya shaƙe shi. Na buɗe baki in ceci sinimarmu da dariya ɗaya, abin da ya fito ba dariya ba ne. Iolanda ta kama hannuna, abin da ta yi shekara goma ba ta yi ba. Allura ko motsi.

Shi Masani bai ɗaga kai ya kalli allo ba ko sau ɗaya. Da aka kunna fitila, sai ya bi mu layi-layi yana duba fuskoki yana rubutu.

Jiya rahoto ya fito, shafi arba'in, da hoton Mai Girma a bangon rahoton. An gano cewa kusan duk 'yan kallo idonsu na zubar da ruwa, hancinsu na yoyo, wani mahauci kuma na fama da mugun tari. Dalili: danshi a bangon sinima. Saboda tausayin lafiyarmu an fasa zancen allura, an garƙame sinima har sai kwamiti ya gama bincike.

Bangon nan da hannuna na shafe shi. Ya fi burodin shekaranjiya bushewa. Na je in faɗa musu, aka ce in rubuto.

Osvaldo dai ya ce Lahadi mai zuwa, da rana ta faɗi, zai haska fim a jikin shagon Gaspare. Kowa ya zo da kujerarsa. Amma don Allah wanda zai yi kuka ya juya wa titi baya, kar su gani su rufe mana dandalin garin ma.