Ranar da Na Tsere da Sandar Majalisa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya sa na manta lambar wayata, da ranar da ni kaɗai na hargitsa bakin Titin Bauchi a nan Jos, alhali ni ma gudun ceton rai nake yi. Yanzu da sakamako ya fito na ga na haye (ku taya ni murna jama'a, digiri ya zo hannu!) ina iya ba da labarin ina dariya. A ranar kam, babu zancen dariya.

Akwai wani kwas da nake maimaitawa a ajinmu na ƙarshe a jami'a, na hulɗar ƙasashen maƙwabta. Malamin, Dokta Gyang, ba ya ihu, ba ya zagi. Kallo kawai zai yi maka ta saman tabarau ka shiga taitayinka. Bara na riga na faɗi kwas ɗin nasa. In na sake faɗi, abokaina su tafi bautar ƙasa, ni in zauna gadin aji wata shekarar. Babana kuwa tela ne a Anguwan Rogo, duk wanda ya kawo ɗinki sai ya sha labarin "yarona bana zai gama". Ka ga ke nan ba ni da ramin ɓuya.

To, bana Dokta ya ce babu gwajin takarda kafin babbar jarrabawa. Majalisar kwaikwayo za mu yi, irin ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a raba mu ƙasa-ƙasa, maki kuma daga bakinka zai fito. Ƙudurin da za a tattauna shi ne a cire shingayen kan iyaka gaba ɗaya, mutum ya tashi daga Jos ya shiga Maraɗi kamar zai je Bauchi, sannan a buɗe wa Chadi da Kamaru ƙofa su shigo cikin ƙungiyar. Ni aka ba ni Nijar, ina ɓangaren masu goyon baya.

Abin ya yi kyau fa, kada ku raina mu. Kaneng, yarinyar da ta fi kowa ƙwaƙwalwa a ajin, ita ce Kakakin majalisa. Bitrus, wani ƙato mai ɗaga ƙarfe wanda wuyansa ya kai cinyata, shi ne mai tsaron sanda. Sandar majalisar kuma tsohuwar taɓarya ce aka kai wa kafinta a Dutse Uku ya goge ta, aka fesa mata fenti ruwan zinariya, aka ɗora mata wani dunƙule a ka. Dokta ya yi mana bayani cewa in babu sandar nan a kan tebur, duk abin da majalisa ta yanke banza ne.

Wannan bayanin shi ya kashe ni.

Ana gobe za a zauna, muna hira a guruf ɗin ɓangarenmu, sai wani ya ce da alama masu adawa sun fi mu yawa. Ni kuwa Allah ya yi mini saurin yatsa, kafin ƙwaƙwalwata ta tashi daga barci babban yatsana ya gama magana. Na rubuta: "Ku kwantar da hankalinku. In suka kayar da mu, wallahi ni zan sungume sandar in yi waje da ita, kamar yadda manya ke yi a talabijin." Nan take guruf ya ɗauki wuta. "Sai oga!" "Namiji!" Abokina Sadiƙu ya rubuta, "Baaba, na ɗauki hoton maganar nan fa, babu gogewa." Na yi dariya na ajiye waya. A raina na ce ai za mu ci ƙuri'a, maganar ta bi ruwa.

Washegari aka zauna. Dokta ya koma can baya ya harɗe ƙafa. Ni na sha babbar rigar da Baba ya ɗinka mini ta salla, har da hula, ina jin kaina kamar da gaske daga Yamai aka turo ni.

Dung ne ya fara, mai wakiltar Najeriya, ɗan manoman dankali. Ya ce a garinsu dankali ruɓewa yake yi a buhu, alhali can ƙetaren iyaka ana nemansa, amma kafin mota ta wuce shingaye kaya sun lalace, direba ya tsiyace. Aka tafa masa. Sai Nanret, mai wakiltar Ghana, ta miƙe, ta gyara gilashinta.

"Mai girma Kakaki, ina da tambaya ɗaya. In an cire shinge dankali ya wuce, ita bindiga tsayawa za ta yi ta gaishe mu? Ƙofar da ka buɗe wa baƙo, ɓarawo ma ya gan ta. Kuma mu da muke ciki ba mu gama shiryawa da juna ba, za mu ƙaro wasu?"

Aji ya ɗauki "Eeeh!" Wani daga baya ya ce, "Gaya musu, anti!"

Da aka zo kaina, na miƙe na ce kakata ta wajen uwa 'yar Maraɗi ce, kakana Bakatsine, kuma babu wanda ya tambaye su takarda ranar ɗaurin aure. Na ce layin da aka ja a taswira bai hana mu cin tuwo iri ɗaya ba, kuma mai mugun nufi ba ya bin shinge tun asali, ta daji yake bi, mai buhun albasa ne ke shan wahala. Na saci kallon Dokta, na ga ya ɗan gyaɗa kai. Wayyo daɗi! Na ce a raina, shi ke nan, na tsallake. Da na san abin da ke tafe, da a nan na ce cikina na ciwo na tafi gida.

Kaneng ta ce masu goyon baya su ce "eh". Muka ce eh. Ta ce masu adawa su ce "a'a". Jama'a, rufin ajin sai da ya amsa. Ta ɗaga gudumarta za ta buga.

Sai wayata ta yi zir a aljihu. Sadiƙu ne, ya turo mini hoton maganata ta jiya. Na ɗaga kai, duk 'yan ɓangarenmu ni suke kallo. Sadiƙu ya matso ya raɗa mini, "Baaba, ko dai baki ne kawai?"

Har yau ban san lokacin da na tashi ba. Na dai tsinci kaina a gaban tebur, hannuna biyu a kan sanda. (Wanda bai taɓa ɗaukar taɓarya ba, bari in gaya masa: matan da ke daka ba ƙananan jarumai ba ne.) Na sungume ta na yi ƙofa. Na ji Kaneng tana ihu, "Oda! Oda! Bitrus, kama shi!" Na waiga na ga Bitrus ya tsallake benci kamar ba shi da nauyi. A nan tsoro na farko ya shige ni, don na san in hannun nan ya sauka a wuyana sai dai a kai ni gida a keke.

Na zuba a guje, babbar riga tana tashi kamar tutar kamfen. Bitrus na bina. 'Yan ɓangarenmu na bin Bitrus suna ihu, masu adawa na bin su suna nasu ihun. Muka fito fili.

To, duk wanda ya tashi a Jos ya san abu ɗaya: in ka ga mutane na gudu, ba a tambaya. Gudu ake yi tukuna, tambaya sai an isa gida. Ɗaliban da ke zaune ƙarƙashin bishiya suka hango ayari na tafe da ihu, na gaba riƙe da gora, suka watse. Masu fitowa daga wata lakca suka ga waɗancan, suka zubar da littattafai. Wata mata mai gasa masara ta kife tirenta tana salati, maƙwabciyarta mai sayar da ayaba tana kiran Yesu. Sai na ji wata murya ta ce, "An fara! An fara!"

Ku saurara ku ji wautar. Da na ji "an fara", na ga mutane ta ko'ina suna gudu, har waɗanda ban sani ba suna wuce ni, wallahi tallahi sai na manta da majalisa. Na manta da Bitrus. Zuciyata ta ce mini rikici ya ɓarke a gari, kuma ga ni nesa da gida. Na fara karanto duk addu'ar da na iya, har da ta cin abinci. Sandar kuwa na ƙara ƙanƙame ta, wai ko da za a tare ni in samu abin kare kai. Ina gudu na zaro waya da hannu ɗaya na kira Umma.

"Umma, ku kulle gida! An fara!"

"Innalillahi! A ina? Kai kana ina?"

"Ina makaranta, ga mu muna gudu! Ki ce wa Baba ya rufe shago!"

Ban tsaya nan ba. Yatsan nan nawa mai albarka ya shiga guruf ɗin samarin layinmu ya rubuta, "Kowa ya koma gida, ba lafiya ta wajen Titin Bauchi." Duk wannan ina haki, ina riƙe da taɓarya mai ruwan zinariya.

Da muka iso get, masu gadi sun riga sun ja ƙarfe sun rufe. Ta tsakanin ƙarafan ina hango masu keke napep suna juyawa, masu shaguna suna jan ƙofofi. Jama'a suka taru suna roƙo a buɗe. Ni ma na kutsa gaba ina cewa, "Oga, don Allah ka buɗe, uwata na gida ita kaɗai!" Babban mai gadin, wani dattijo mai furfura a gemu, ya daka tsawa.

"Ku tsaya! Wa ya ga abin da ya faru? Wa kuke gudu?"

Kowa ya kalli na kusa da shi. Wani ya ce shi dai ya ga ana gudu. Wata ta ce ita ma haka. Sai mai masarar nan ta iso tana haki, ɗankwali a hannu, ta miƙo yatsa.

"Ga shi nan! Wannan mai babbar rigar, shi ne na gaba, da gora!"

Na waiga bayana in ga mugun da take nunawa. Babu kowa a bayana sai Bitrus, ya dafa gwiwa yana numfashi. Ya ɗago ya ce, "Kai, wane irin mutum ne kai? Ba ni sandarmu."

A lokacin na kalli hannuna.

Dattijon ya karɓi sandar, ya juya ta, ya shinshina, ya ce, "Wannan ai taɓarya ce." Wani ya fashe da dariya, sai wurin ya ɗauka gaba ɗaya, dariyar mutanen da suka gama tsorata, mai haɗe da zagi. Aka mayar mini da sandar, aka sa ni na durƙusa a gefen get, na ɗaga ta sama da hannu biyu kamar ɗan firamare. Wayoyi suka fito, kowa na ɗauka. Ana haka Dokta Gyang ya iso a hankalinsa, hannu a baya. Ya kalle ni ta saman tabarau.

"Mai girma wakilin Nijar," ya ce, "ina za ka kai ta? Yamai?"

"A'a, sa."

"Ka same ni a ofis ranar Litinin."

Ban gama haɗiye wannan ba sai ga keke ya tsaya a waje, Baba ya diro, tef ɗin awo na rataye a wuyansa, takalmi ƙafa ɗaya nasa ƙafa ɗaya na Umma. Ya rufe shago, ya ratso hanya yana neman gawar ɗansa. Ya leƙo ta ƙarfen get ya gan ni a durƙushe cikin rigar da ya ɗinka da hannunsa. Dattijon ya yi masa bayani a taƙaice. Baba ya kalle ni, ya juya ga dattijon ya ce, "Malam, ku riƙe shi tukuna. Bari in je in buɗe shagona."

Kwanakin da suka rage kafin Litinin ban ci abincin kirki ba. A layinmu yara na ganina sai su ce "an fara!" su watse suna dariya. Na shiga ofishin Dokta na riga na haƙura da digiri, abin da nake roƙo kawai kada a kore ni. Ya bar ni a tsaye ya gama shan shayinsa. Sannan ya ce jawabina na cikin masu kyau a ranar, kuma ya ba ni makinsa. Abin da ya biyo baya kuma ya cire nasa. Abin da ya rage, in na dage a jarrabawa, zai iya fitar da ni da ƙyar. Sharaɗi: in je in ba mai masara da mai ayaba haƙuri a gaban jama'a, in kuma tsaya gaban majalisa in karanta da bakina cewa ƙudurinmu ya faɗi.

Na yi duka. Mai masara ta ce ta yafe, amma sai da ta sa na yi mata fifita a kan garwashi har la'asar. Jarrabawa kuwa na yi karatun da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni, na fita da maki mafi ƙanƙanta da ake kira ci. Ban taɓa son wani harafi kamar yadda nake son wanda aka rubuta mini a takardar sakamakon nan ba.

Har gobe ina nan a kan ra'ayina, a buɗe iyaka mutane su yi zumunci. Amma ni dai na kafa wa babban yatsana shinge, sai ya nuna takarda kafin ya wuce. Kuma in ka ga gari ya rikice kowa na gudu, ɗan'uwa, kafin ka kira uwarka, fara duba abin da ke hannunka.