Ranar da Na Fito a Tele

Ba zan taɓa mantawa da damanar da 'yan talabijin suka zo gidan likitarmu ba, can wani ƙauye kusa da Kalfu inda nake aikin jinya. Zazzaɓin sauro ya kwantar da yara, maganinmu ya ƙare tun sati biyu. Iyakar abin da nake yi shi ne in rubuta takarda, in tura iyaye garin Tawa su saya.

Da aka ce za a yi hira da ni, sai na ce yau ƙasa za ta ji kukanmu. (Amma fa sai da na ruga gida na shafa jambaki, kada ku tambaye ni dalili.) Ɗan jaridar ya kunna kyamara ya ce, "Madam, ina aiki?" Na washe baki na ce, "Aiki da godiya, komai lafiya lau." Gaisuwa ce, kowa ya sani. Daga nan na zazzage masa komai: ba magani, ba ruwan ƙari, yara uku muka rasa a watan.

Ni da bakina na bi ƙauyen ina cewa kowa ya je shagon mai tele ranar Asabar. Ni kuwa na tafi Tawa, na tara dangi a tsakar gida.

Aka nuna bangon gidan likitarmu da aka yi wa sabon fenti. Aka nuna manya suna saukowa daga mota. Sai ga ni, haƙora waje: "Aiki da godiya, komai lafiya lau." Shi ke nan, aka wuce labarin ƙwallo. Yayata ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa ƙasa nake kallo.

Ranar Litinin na tarar da Malam Idi zaune bakin ƙofar gidan likita. Jikanyarsa Hadiza tana cikin yara ukun nan da muka rasa. Bai ɗaga murya ba.

"Madam, mun gane ki cikin tele. Kin yi kyawo."

"Baba, wallahi yanke maganar suka yi."

"Na sani, ɗiyata. Amma masu aiko magani, su ba su sani ba."

Na shiga na zauna gaban kantar magani da babu komai a kanta.

Tun ranar, in na ga mutum yana murmushi cikin labarai, sauran maganarsa nake tunani. Kuma in aka juyo mini kyamara, ko gaisuwa ba na amsawa.