Rigar da Dogo Ya Ƙona

"Lafiya lau. Ya mai jego, ya jaririn? Allah dai ya sa bai ɗauko kunnuwanka ba."

Tela ce ke magana, ƙafarta a kan keken ɗinki, ko ɗagowa ba ta yi ba. Dogo mai walda, taubashinta, ɗan gwaggonta, na tsaye a ƙofar shagon, hannunsa ɗaya cikin aljihun rigar aiki. Tun suna yara ba sa haɗuwa su rabu ba a yi wa juna tsiya ba. Da ta ji yau ya gaishe ta a ladabce, ta san da magana.

"Da la'asar za a sallamo su. 'Yar Guntuwa, taimako na zo nema."

"Matsa daga ƙofa tukuna, falwaya. Ka sa mini magariba da hantsi."

Ya shigo, ya waiga hagu da dama, ya zaro 'yar tsana tsirara, gashinta a hargitse.

"Ikon Allah," in ji Tela. "Yau dai ka samu abokiyar hira daidai hankalinka."

"Na ga tsawonku ɗaya, na ce bari ta zo ta gai da ƙanwarta."

Sai ya ajiye wata 'yar riga shuɗiya a kan teburin yanka. Rabin bayanta ya ƙone ƙurmus, ga shatin dutsen guga. Rigar 'yar tsanar Ummi ce, 'yarsa mai shekara biyar. Uwarta ce ta ɗinka da hannu kafin ta tafi haihuwa. Da safe yarinyar ta bar masa sallahu ya wanke ya goge, don 'yar tsana ta tarbi jariri da kwalliya. Ƙarfe ɗaya ake tashinsu daga makaranta.

Tela ta ɗaga rigar, ta leƙo shi ta cikin hujin.

"Guga aka ce maka ko walda?"

"Dutsen ne ba shi da tarbiyya."

"Shekara ashirin kana wasa da wuta, ashe kyauren mutane ma Allah ne ke tsare su."

"Kyauren shagon nan wa ya yi shi?"

"Shi ya sa kullum sai na yi masa magiya yake rufuwa."

Tana faɗa tana lalube a buhun ƙyallaye. Ta gane yadin, don ita ta yi wa matar Dogo riga da shi bara. Ta san Ummi sarai: da an canza ko da maɓalli ne za ta gane, kuma kwana uku ke nan tana barci rungume da 'yar tsanar tana jiran uwarta. Can ƙasan buhun ta samo guntu, bai fi tafin hannu biyu ba. Ta ɓoye shi a bayanta.

"Babu. Sai dai in yi mata da buhun siminti, ku yi anko."

"Haba, 'yar kawu. Ummi ba za ta sake yarda da ni ba."

Jin yadda muryarsa ta sauka, sai ta fito da ƙyallen, ta miƙa masa tef.

"Auna ƙugunta. Ka nemi izini, mace ce."

Ya durƙusa da manyan yatsunsa masu tabon wuta, ya naɗa tef ɗin. "Inci huɗu. Ta fi ki da ɗaya."

Ta yanka, ta bi gefe da keke, hannuwan kuwa sun yi ƙanƙanta, sai da allura. Ta ba shi ya zura zare. Sau shida yana lasar zaren yana kuskurewa.

"Ramin allurar nan a toshe yake."

"Idonka ne a toshe. Kawo, kafin ka haɗiye mini ita."

Ta cire 'yan maɓallai biyu na tsohuwar rigar ta mayar a sabuwa, har karkataccen ɗinkin da uwar ta yi a wuya sai da ta kwaikwaya. Da ragowar ta yi ɗankwali da jaka kamar kwalin ashana, da igiyarta. Sha biyu da rabi 'yar tsana ta fito tsaf. Dogo ya miƙo hannu, ta janye.

"Ladana tukuna. Faɗa a gabanta, wa ya girmi wani?"

"Kowa ya san na ba ki wata bakwai."

"To, bari in kai wa Ummi ƙonanniyar da kaina, in ce ga aikin babanta."

Ya dubi agogon bango, ya dubi rigar. Ya sunkuyo daga can sama har kansa ya zo daidai nata.

"Ke ce babba, Yaya."

"Ba ta ji ba, kunnenta na roba ne."

"Na ce ke ce babba, Yaya Tela, mai almakashin zinariya."

Ta kwashe da dariya har tana riƙe keke. Ta sa hannu a aljihun tebur ta ɗauko wata 'yar hula mai laushi da ta ɗinka wa jaririn tun jiya, ta haɗa masa da 'yar tsanar.

"Ungo, ƙanena. Na yi ta da faɗi, ko da kunnuwan naka ne. Kuma kada ka goge."