Farfesa da Sunan Jariri

Riwaya biyu ce ta iso gare ni kan abin da ya faru a sunan gidan Nafi'u a Gumel. Na ɗauki ta Liman Zubairu, domin kunnensa ne ya fi kusa da al'amarin, kuma ba a san shi da ƙara wa zance gishiri ba.

Aiki ya tsare Nafi'u a wani daji inda waya ba ta shiga. Kafin ya tafi ya raɗa wa yayansa, Farfesa Hamisu, sunan da ya zaɓa wa jaririn, bai gaya wa kowa ba, har mai jego.

Da safiyar suna, ana jiran goro, Farfesa ya ga jama'a zaune shiru kamar ɗalibai, sai ya ji ba zai iya barin damar ta wuce ba. Ya gyara babbar riga, ya bayyana musu aikinsa: wata ƙwayar halitta ta gado da ke cikin kowane ɗan Adam. Ita ke sa jijiyoyin ƙwaƙwalwa su haɗa wani sinadari, wanda idan kalsiyam ya taɓa shi sai ya farka ya ɗaure abin da mutum ya ji, kada ya zube.

Alhaji Barau, taubashinsa, ya ce, "To kai bawana, yaya aka yi ka sani?"

"Da ɓeraye muke gwaji. Wanda muka cire wa ita, ko hanyar abincinsa ba ya tunawa. Wanda ke da ita kuwa, sau ɗaya ake nuna masa."

Goro ya iso, aka ja rago gindin bishiya. Liman ya miƙo kunne. Farfesa ya sunkuya, ya buɗe baki. Babu abin da ya zo masa sai sunan sinadarin, da tsawonsa duka. Ya cire hula, ya mayar.

"Farfesa, muna sauraro," in ji Liman a hankali. "Mata na jiran a yi guɗa."

"Allah gafarta Malam, yana bakina. Akwai dai harafin mimun a ciki."

A nan ne Alhaji Barau, a gaban Liman Zubairu da Mai Unguwa Tanko da Ilu Wanzami da Sale Mahauci, ya ɗaga murya ya ce:

"Sale, mai da wuƙarka kube. A tura mota jami'a a ɗauko ɓeran nan mai tunawa, da alama shi Farfesa ya ara wa tasa ƙwayar."